Farin Gari a Gindin Randa

Aikin nan ya ba ni wuya, babu abin ɓoyewa. Shekarun da na yi riƙe da makullin magaza, ɗakin ajiyar kayan shimi, wato ilimin haɗa sinadarai, a Madawa su sunka cinye mini baya, sunka bar ni da tarin da nake yi har yau in an zazzage buhun siminti kusa da ni. Ɗaki ne mai rufin kwano, taga guda, ita ma an kafe ta da ƙusa saboda ɓarayi. Da bazara in ka shiga da hantsi, kafin ka kai ƙurya riga ta manne maka a jiki. Da damina gara ta taso ta ƙasa tana cin kwalaye, ni kuma ina ɗora kaya bisa duwatsu ina zaginta.

Asali ni gardi ne, mai gadi, a biro, wato ofishin da ke lura da makarantu. Lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba. Ina iya haɗa baƙi in karanta abin da ke jikin kwalba sannu-sannu, shi ke nan. Wata shekara wani proje, shirin tallafa wa makarantu, ya kawo kaya cikin manyan robobi, anka ce na ɗiyan kwaleji ne, don su gani da ido abin da ake karanta musu a darasin shimi. Anka rasa mai zama da su cikin zafi, sai anka dube ni. Wani malami ya zo daga Tawa ya nuna mini: wanga kar ka taɓa da hannu, wanga kar shi ga ruwa, wanga da wancan kar su kwana kusa da juna. Ya ba ni safar hannu da ƙyallen rufe hanci, ya hau mota ya koma. Tun daga ranar ni ke ɗibar gari da cokali daga babbar roba in zuba a ƙananan kwalabe, sakatare ya rubuta suna ya manna, in ɗaure bayan moto, wato babur, in kai makarantun ƙasar Madawa da Buza da Keita.

Mutanen unguwa ba su taɓa yarda kayan karatu ne ba. A wurinsu duk abin da anka zuba a kwalba anka rufe magani ne, mai hana magani kuwa ba mutumin kirki ba ne. Farar wuta ita ta fi jawo mini baƙin jini. Tsohuwa ta zo da jikanta yana susa, ta ce, "Ɗan nan, ɗan ɗibo mini ta ƙazuwa." In ce, "Inna, ta gwamnati ce." Ta ce, "To shi yaron na wa ne?" Masu yin sabulu su zo neman soda, in tura su kasuwa, su tafi suna cewa makulli guda ya mai da ni nasara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne in na sha duwatsun Adar na kai kaya, darakta, shugaban makaranta, ya karɓa hannu biyu, ya jera cikin kabad ya kulle. Baɗi in na dawo suna nan ba a buɗe ko ɗaya ba, an dai goge musu ƙura. Ba na ganin laifinsu ƙwarai. Tsoro suke kar wani babba ya zo ya tarar kwalba ta ragu.

Mutum guda ne ban taɓa kai wa abu ya kwana a rufe ba. Malamin shimi ne a wata kwaleji ta ƙauye bisa tudu, in ka bar Buza kafin ka kai Keita. Mushe muke ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane malamin lakwal, amma shi in an ce Mushe a garin nan kowa ya san wa ake nufi. Bazabarme ne, dogo, siriri, ya daɗe a Adar har ya iya cin albasa ɗanya kamar ɗan gida. Ni kuwa Bagobiri, abokin wasan Zabarmawa, don haka tun ranar da munka fara haɗuwa ban ji kalma mai daɗi daga bakinsa ba, shi ma bai ji daga nawa ba. In ya hango ƙurar motona sai ya fito bakin aji ya ce, "Ga bawana ya kawo kayan ubangijinsa." In ce, "Ka ci kopto, kwaɗon zogalen nan naku, ka ƙoshi ke nan, bakinka ya buɗe." Sannan ya kama mini kaya mu sauke, ya ɗora shayi.

Garin ƙarfe, farar wuta, duk abin da na kai masa, kafin in tafi ya tara yara ya nuna musu. Amma akwai abu guda da yake tambaya kowane zuwa: "Ka zo da shi?" Wani farin gari ne da suke ce wa sulfat. Ya ce fari ne kamar garin alkama, amma in ɗigon ruwa ya taɓa shi sai ya koma shuɗi nan take. Da shi ake nuna wa yara cewa akwai ruwa ɓoye cikin tumatir, cikin albasa, cikin abubuwan da ido ba ya ganin ruwansu. Tun yana saurayi yake koyar da wannan darasi, kowace shekara, yara su rubuta su haddace su ci jarrabawa, shi kansa hannunsa bai taɓa riƙe garin ba. Kullum in ce, "Bai zo ba." Ya ce, "To, Allah shi kawo."

Shekarar da zai ajiye alli ya koma garinsu, garin ya zo. Kaɗan ya zo, ƴar roba guda, kuma manya sunka ce a fara da makarantun da ke bakin hanya. Na kankare gindin robar na haɗa masa kwalba guda ta roba mai murfi, na nuna wa shugabana ya ce to. Na buga masa waya na ce, "Bazabarme, abinka ya samu." Ya ce, "In ƙarya kake, Allah shi ƙara maka zane a kumatu." Ya ce in hanzarta, saura masa darasi guda da ƴan ajin kafin a shiga jarrabawa, daga ita kuwa shi da allo sai wata rayuwa.

Bazara ce, irin wadda kaji ke buɗe baki a inuwa. Ban samu fita daga biro ba sai bayan azahar, don haka rana ta faɗi ina Buza, na sauka gidan yayata. Ita ta goya ni bayan rasuwar innarmu, kuma har yau da furfurata Auta take ce mini. Goro take sayarwa a ƙofar gida. Duk unguwar an san goronta ba ya bushewa, ko a watan da ruwa ke tafasa cikin buta.

Na sauke manyan kwalaye a zaure. Kwalbar Mushe kuwa na naɗe ta da tsummoki cikin wani ɗan kwali daban, shi na miƙa mata a hannu. Na ce, "Yaya, wanga ba ya son zafi. Ki sa mini shi inda ke da sanyi, kar yara su taɓa." Zancen ruwa bai zo mini a baki ba, don wa zai jiƙa kwali? Ta ce, "Kawo, Auta. Je ka wanke fuskarka, ka yi kama da wanda anka tono." Na ci tuwo da mijinta, munka yi isha'i, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ban ƙara sanin inda nake ba.

Da na dawo daga sallar asuba na ce ta ba ni kwalina. Ta ja ni gindin randa. Ga shi nan bisa rairayi mai laima, an lulluɓe shi da buhun algarara jiƙe sharkaf, ruwa na ɗiga ta gefe. Ta tsaya tana kallona tana jiran godiya.

Na ce, "Yaya, mi kinka yi?"

Ta ce, "Sanyi ka ce. Har tashi na yi na ƙara yayyafa mai, kai kana can kana minshari kamar injin niƙa."

"Ai ba goro ba ne!"

"Goron da ya fi kayanka daraja haka nike yi mai, bai taɓa yi mini gardama ba. Taɓa ka ji, kamar daga firjin Alhaji."

Kwalin ya yi laushi yana rabewa a hannuna, tsummokin duk sun sha ruwa. Na zaro kwalbar, na goge, na juya ta. Roba ce mai duhu, ba a ganin ciki, murfi kuma yana nan a ɗaure. Ban buɗe ba, don an gargaɗe ni garin nan ko iska mai laima ba ya so. Na ce a raina Allah ya tsare. Na yi ta ƙunƙuni ina ɗaure kaya, ita kuma tana cusa mini goro a aljihu, ta ƙulla wani daban a leda ta ce, "Ka kai ma abokin naka. Ka ce mai ya bar zagin ƙanena, ni kaɗai ke da izini."

Hanyar ba sai na faɗa ba. Dutse bisa dutse, in ka gangara ƙorama rairayi ya riƙe taya, ka sauka ka tura. Na isa da rana tsaka. Mushe na tsaye gindin dogon yaro da rigar da ya goge, har da alƙalami a aljihu, kamar mai tarbar gwamna. Bai ko zage ni ba. Ya ce, "Ina shi?" Na ce, "Ka bari in sha ruwa, marar tausayi." Ya ce ya riga ya shaida wa yara gobe ne, ya ce kowa ya zo da abin da ya samu, tumatir ko albasa ko lemu, har iyaye sun fara tambaya ko miya za a yi a lakwal.

Munka shiga ɗakinsa. Ya share tebur, ya wanke hannu ya goge sosai, ya ce bisimilla, ya kama murfin. Da ya murɗa sai murfin ya rabe a hannunsa. Ashe girgizar hanya ta tsaga shi tun jiya, tsaga siririya kamar gashi, wadda ban gani ba da duhun asuba. Ya leƙa ciki. Ya daɗe yana leƙe. Sannan ya karkato mini bakin kwalbar.

Shuɗi ne, shar, ya dunƙule kamar shunin wanki. Ko ƙwayar fari babu.

Ya ce, "Ya yi darasin shi kaɗai a hanya."

Na ba shi labarin randa da buhun goro. Ya fashe da dariya, ya riƙe ciki, yana cewa, "Gobirawa! Gobirawa! Ku da an ba ku ajiyar gishiri ma wanka za ku yi mai." Ya yi ta yi har hawaye sunka zubo, sai na ga dariyar ta ƙare hawayen ba su tsaya ba. Ya juya baya yana gyara littattafan da ba su buƙatar gyara. Ni dai ban san inda zan sa idona ba. Na ajiye masa goron Yaya bisa tebur, na ga kamar ba lokacinsa ba ne, na kuma rasa yadda zan ɗauke.

Na ce zan koma in roƙo kwalba a ɗaya daga makarantun bakin hanya, ko da zan kwana bisa moto. Ya ce, "Zauna. Wane darakta zai buɗe maka kabad ba takarda daga sama? Ko ubansa ya taso daga kabari sai ya ce ya dawo Litinin." Gaskiya ya faɗa. Na zauna.

Bayan la'asar ya fito da kayan shayi bayan ɗaki, ya hura gawayi. Ya ɗora buta, yana kallon garwashi. Can ya ce, kamar da kansa yake, "Littafi ya ce wuta tana maido shi."

Na ce, "Maido mi?"

"Farin. Ruwa ne ya shiga, in an gasa ruwan ya fita."

"Ka taɓa yi?"

"Na taɓa sa yara su rubuta."

Na ce, "To sauke butar nan, shayinka dama ba daɗi gare shi ba."

Ya ce ba a gasa shi a kwanon abinci, guba ne. Na bi gari na samo sabon kasko wurin wata mai ginin tukwane, wadda ta so ta san wainar mi za mu toya mu biyu maza. Munka farfasa dunƙulen da bayan cokali, munka niƙe shi da ɗan dutse mai santsi. Na ba shi ƙyallen hancina na ajiya, na ɗaura nawa. Ya ce mu gwada da kaɗan tukuna. Ya baza cokali guda a kaskon, ni ina fifita.

Na farko mun ɓata shi. Na cika wuta, gefen ya yi duhu, wani wari ya taso mai shaƙe maƙogwaro. Ya ture ni ya ce, "Kai, ba yaƙi ake ba! Kowane abu sai kun shiga da takobi?" Na ce, "Shekara nawa kana faɗin abu ba ka san yawan wutarsa ba, ni za ka ɗora wa?" Munka kankare wannan munka zubar cikin rami, munka rage garwashi, munka yayyafa masa toka har ya koma wutar da tsohuwa ke jin ɗumi da ita.

Na biyu ya daɗe bai yi komai ba. Mushe na tsugune, gwiwoyinsa har kunne, yana juyawa da cokali a hankali. Sai munka ji ɗan sauti, tsss, tururi siriri ya tashi. Ta gefe shuɗin ya fara kwantawa, ya koma kalar sama da hantsi, daga nan ya koma kamar rigar da ta sha wanki ta koɗe. Ya daina juyawa. Na ce, "Juya mana, zai ƙone." Ya ce, "Kana gani? Kana gani, Bagobiri?" Na ce, "Ina da ido." Muryarsa ta koma ta yaro. Ni ma, in faɗi gaskiya, fifitar ta tsaya a hannuna ban sani ba.

Haka munka bi sauran kaɗan-kaɗan har anka kira magariba. Na ciro kwalbar gilas marar komai daga cikin kayana, na gasa ta nesa da wuta don ta bushe, munka zuba garin tun yana da ɗumi, na toshe, na naɗe bakin da leda na ɗaure da roba. Abin da munka samu bai kai rabin na da ba, kuma ba fari tas ba ne, fari ne mai toka-toka. Kaskon na fasa shi na binne, kar wata ta tsinta ta soya wa ɗiyanta gyaɗa.

Na ce, "To ɗebo kaɗan mu ɗiga mai ruwa mu gani ko yana aiki."

Ya ce, "A'a."

"Kai, in ya ƙi gobe fa, gaban yara da tumatir ɗinsu?"

"In zai kunyata ni, shi kunyata ni gabansu. In kuwa zai yi, ba ni son in riga su gani."

Na ce, "Wannan wauta ce." Ya ce, "Na sani. Ta Zabarmawa ce, ba irin taku ba, tamu ba ta jiƙa kaya." Ya sa kwalbar cikin akwatin tufafinsa ya kulle, ya ɓare goron Yaya ya miƙo mini rabi. Ya tauna ya ce, "Ka ce mata goron dai ta iya."

Niyyata in yi asubanci in kama hanyar Keita da Tamaske tun da sanyi, don sauran kayan ba su son rana, ni ma ba na sonta. Na yi salla, na ɗaure kaya, na tura moto har bakin hanya. Sai na juyo da shi na kafe gindin dogon yaro, na lulluɓe kwalayen da tabarma busasshiya, na zauna jiran a buga ƙarfe.

Da yara sunka shiga na je na tsaya jikin taga. Tebur ya cika da albasa da tumatir, wani har da guntun rake. Mushe ya ɗebo garin da cokali ya zuba a farin faranti, ya zagaya da shi layi-layi kowa ya ga launinsa. Ya dawo gaban allo, ya tsoma tsinke a kofin ruwa. Ɗigon farko ya faɗi bisa tebur. Ya sake tsomawa, ya riƙe wuyan hannun da ɗaya hannun.

Inda ɗigon ya sauka ya yi shuɗi nan take. Ajin ya ɗauki ihu, na baya sunka hau bisa benci, wata yarinya ta ce, "Mushe, a sake!" Ya sake. Ya yanka albasa ya ɗora mata garin a fuska, anka zuba ido ana jira, ita ma sannu-sannu ta ba da shuɗi. Yara sunka yi caa kowa na miƙo nasa. Ya ɗago kai ya gan ni a taga, ya buɗe baki zai yi zagi, bai samu ba, sai ya ɗaga mini farantin.

Na ɗaga masa hannu. Na koma gindin itace na cire tabarmar, na ƙara ɗaure igiya, na duba murfin kowace kwalba ɗaya bayan ɗaya. Rana ta riga ta yi zafi. Na buga moto na gangara hanyar Keita.